Sunan Ɗiyar Fari

Madarumfa, bayan an gama ɗaurin gero

Zuwa ga amaryata Ummulkhairi, malamar lise, babbar sakandare, a Agadas.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar tsohon angon da aka bari da tsohuwar tabarma, amarya ta gudu garin raƙuma. Ina fata kina lafiya, ke da 'yan lakwal ɗinki, yaran makarantar boko. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da rigimarta, kunnena kuwa kin san shi, sai an yi mini magana kamar ana kiran mai kwalekwale daga tsallake. Uwarki lafiya, ƙanwarki Rashida lafiya, kawunki Anas ya fara dashen albasa. Tabki ya cika bana har ya taɓa gindin kanyar lambuna.

Al'amin direba, mai kai hatsi arewa, ya kawo mini ƙunshinki. Na ɗauka cuku ne ko dabino, har na ce wa Rashida ta kawo faranti. Da na kwance sai ga littafi, ga sunanki a bango, ga kuma sunan littafin: Jikar Mai Lambu. Na karanta sunan, na sake karantawa, sannan na gane ashe ni ne mai lambun. Kuma da Hausa kika rubuta, ba da Faransanci ba, don in karanta da idona. Jikata, ban san lokacin da na miƙe ba sanda ba.

Ban zauna ba ranar. Na kai shi majalisar masunta, na kai shi ƙofar masallaci, na kai wa Mushe Habibu, wato Malam Habibu na boko, wanda ya koya mana karatun manya bayan magariba lokacin kina ƙarama. Ya tsufa shi ma, ya ajiye aiki. Ya juya littafin ya ce irinsa ana kiransa tarihin kai. Wai duk mai rubuta ƙuruciyarsa yakan zaɓi wani babba guda, malami ko kawu ko maƙwabci, ya kafa shi a tsakiyar littafi kamar ginshiƙin ɗaki, ya ce wannan ne ya yi ni. Ya ce wannan karon ni aka kafa. Na ce masa ginshiƙin da gara ta ci, sai a yi hankali da rufin.

Na fara karantawa, kuma ina da ƙara. Kin ce na ɗauke ki a wuya na haye gulbi da ke. Gaskiya ne, amma kin ɓoye cewa santsi ya ɗebe ni muka sha ruwa mu biyu, takalminki ya tafi. Kin ce na san sunan kowane tsuntsun tabki. Rabinsu ni na laƙa musu don kada ki raina ni. Babbar ƙaryar ita ce wadda kika ce na shiga karatun manya don kada ki yi karatu ke kaɗai. Kin manta ne? Kullum kika dawo lakwal sai ki miƙo mini allonki, ni kuma in ce madalla. Ranar nan kika zana kwaɗo kika ce in karanta miki, na ce madalla. Kika yi ta dariya har kika faɗi. Kunyar kwaɗon nan ce ta kai ni gaban Mushe Habibu da furfurata. Amma ki bar shi yadda kika rubuta, naki ya fi kyau.

Uwarki ta zo ta tsaya. Ta goge hannunta da zane kafin ta taɓa littafin, ta ce wa Rashida takardar tana da kyau, ta koma madafa. Da yamma muka ci tuwo da miyar tarwaɗa, har maƙwabta aka kai wa.

Ga abin da na shirya. Kullum bayan la'asar zan shimfiɗa tabarma gindin dogon yaron tsakar gida in karanta wa mutane shafi ɗaya ko biyu. Jiya matan unguwa sun zo, tsohuwa Ramatu har da kujerarta. Ba zan leƙa gaba ni kaɗai ba, abinci mai daɗi ba a ɗanɗana shi a ɓoye. Kada ki wahalar da kanki da salula, kin san sai Rashida ta buɗe murya duk gida na ji, ni kuma rabi nake kamawa. Ki rubuto, ai don wannan na yi karatun.

Allah ya yi miki albarka, ya sa alƙalaminki ya fi fartanyata amfani.

Angonki, Yahaya mai lambu


Agadas

Zuwa ga Kakana, tsohon ango.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo. Ina lafiya, sai sanyi da ya fara. Ka riƙa ɗaure gwiwar nan da safe, ka bar wa Kawu Anas ban ruwa. Zancen kwaɗo ban manta ba, mutuncinka na rufa.

Kaka, ka karanta wannan da kyau. A tsakiyar littafin akwai wani kashi mai suna Safo. Don Allah kada ka karanta shi gaban mutane. Ka karanta kai kaɗai a lambu, ko ka tsallake shi gaba ɗaya. Na yi magana a kan Inna a ciki, na kuma rubuta sunanta, Sa'adatu. Abin da na ji a raina ne ina yarinya, lokacin ina hannunku kai da marigayiya kakata, ita kuma tana gidan Baba a Safo. Na rubuta da Hausa don kai, ban taɓa kawowa za ka mai da tsakar gida gidan rediyo ba.

Na kira salular Rashida don in faɗa maka, sai na ji muryoyin mata kewaye da kai, na ji ta Inna a ciki, na kasa. Rashida kuwa ba zan aika mata a rubuce ba, bakinta ba ya riƙe ruwa. Al'amin zai taso gobe, shi zan ba wannan. Tunda a hankali kake karatu, na san za ta riga ka isa wurin.

Ka gaishe da kowa.

Jikarka, Ummulkhairi


Madarumfa, cikin sanyi

Zuwa ga Ummulkhairi.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Jikinmu lafiya. Ban ga amsarki ba, an ce motar Al'amin ta lalace a hanyar Tanut, yana can yana jiran kayan gyara. Anas zai kai wannan tashar Maraɗi ya ba masu bas.

Na yi ɓarna, kuma da littafinki na yi ta.

Kin san yadda nake karatu. Ni ba irinku ba ne da ido ke riga baki. Kalma ɗaya ɗaya nake ɗauka kamar mai jera tubali, sai na kai ƙarshen layi nake waiwayawa in ga abin da na gina. Shekaranjiya tsakar gida ya cika, don labari ya zaga gari. Uwarki tana gefe, bakin rumbu, tana ɓarar gyaɗa. Kullum can take zama, ba ta shiga cikin taro, amma ba ta taɓa fashi ba.

Na buɗe wurin da kika sa wa suna Safo. Mutane suka gyara zama. Na zo kan sunanta. Kin san ita ce ɗiyata ta fari, ban taɓa faɗin sunan nan ba tun ranar da aka raɗa shi. Na yi tari na ce wance. Aka yi dariya, Ramatu ta ce tsoho ya ci karo da kututture. Dariyar nan ce ta ɗauke mini hankali, na ci gaba ina murna. Ga abin da ya fita daga bakina:

"Ranar da na ci satifika na hau amalanken jaki zuwa Safo don in gaya wa uwata, wance. Na same ta tana daka. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa maƙwabciyarta a ba baƙuwa ruwa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A ranar na gane ni marainiya ce mai uwa da rai. Kakana shi ne uwata."

Sai da na ajiye kalmar ƙarshe na ji abin da na faɗa. Ramatu ta ce a hankali, "Malam Yahaya, rufe." Uwarki ta ƙarasa ɓare gyaɗar da ke hannunta, ta kakkaɓe zanenta, ta ce wa Rashida ta kwashe sauran kada awaki su ci, ta shiga ɗaki. Mata suka zare ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Ummulkhairi, ke ɗiyar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna murnarsa gaban mutane. Alkunya ce. Da ita aka yaye ki aka kawo ki hannunmu, ba don an gaji da ke ba. Kin taɓa jin na kira uwarki da suna? Tun da ubanki ya rasu ta dawo gidan nan muke kwana muna tashi, in zan ce ta kawo ruwa sai in ce wa bango ana jin ƙishi. Ƙin ta nake yi?

Ranar da kike faɗi, ni ma na san ta. Bayan kin hau amalanke kin juyo, ta dama fura ta raba wa unguwarsu kaf, ta ce sadaka ce. Duk Safo babu wanda ya tambayi sadakar mece ce, kowa ya sani. A wurinmu wannan guɗa ce. Yanzu an ce mata ba uwa ba ce, gaban matan gari, kuma da muryar ubanta. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta da bakin kare kanta. In ta fito ta ce tana son ki, ta karya abin da ta riƙe tun tana yarinya. In ta yi shiru, littafi ya yi gaskiya.

Ina cikin naɗe wannan takarda Al'amin ya yi sallama, ya miƙo mini taki. Na karanta. Ihu bayan hari. Ba laifinsa ba ne, ba naki ba ne a nan, ni ne na ƙi ɗanɗana abinci kafin in raba.

Ki rubuto da sauri. Ki ba ni abin da zan faɗa mata.

Kakanki, Yahaya


Agadas

Zuwa ga Kaka.

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da daɗewar amsa. Na fara takardar nan na yaga ba sau ɗaya ba. Jikina lafiya. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi.

Na yi kuka da na karanta taka. Ban so ta ji ta wannan hanya ba, kuma ban so a ce da bakinka ba. Wannan ina neman gafararku ku biyu. Amma Kaka, in na ce maka abin da na rubuta ƙarya ne, na yi maka ƙarya.

Na san alkunya. Na girma na ji ana faɗi, har na taɓa yi wa 'yan ajina bayaninta. Sanin abu a ka daban, ɗumin jiki daban. Yarinyar da ta hau amalanken nan ba ta san komai ba. Abin da ta gani shi ne Rashida a cinyar Inna, ana kitsa mata kai ana cewa Rashida, Rashidata. Ka ce an dama fura. Maƙwabta suka sha furar, ni ruwa aka ba ni. Duk Safo sun san sadakar mece ce, ban da wadda aka yi dominta.

Kuma ina da tambaya gare ka, tunda kai ne ka yi ni. Ka koya mini tsuntsaye, har waɗanda ka laƙa wa suna. Ka koya mini gane ƙasar da za ta karɓi albasa, da yadda ake riƙe tarwaɗa ba ta soke ni ba. Na dawo daga Safo ranar ina kuka, ka ce rana ce ta buge ni, ka saya mini rake. Me ya hana ka zaunar da ni ka ce ga ma'anar abin da na gani? Littafi abin da yaro ya gani yake ɗauka. Wanda ya yi magana da ni shi na rubuta.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Littafin ba zai dawo ba, ya riga ya bazu. Wata ƙungiya mai koyar da manya ta ɗauka don azuzuwanta, don sun ce Hausarsa mai sauƙi ce. Ina jin zai iso har wajenku.

Ka ce in ba ka abin da za ka faɗa mata. Ban ce ta ba ni haƙuri ba, ba ta yi mini laifin da za a kai gaban kowa ba. Abu ɗaya nake so. Ta kira ni da sunana sau ɗaya, ko a ɗaki ne, ko ba kowa. In na ji za ta yi, ranar da aka ba da hutu ina hanya, in durƙusa gabanta duk yadda take so. In ba haka ba, Kaka, ban san da wace fuska zan sake shiga gidan nan a ba ni ruwa ba.

Jikarka, Ummulkhairi


Madarumfa, farkon zafi

Zuwa ga Ummulkhairi.

Assalamu alaikum. Na ga taki. Muna nan. Tabki ya ja baya, an cire albasa, ba ta yi laifi ba. Idona na dama ya fara hazo, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana sauka.

Kin tambayi abin da ya hana ni gaya miki. Na kai tambayar nan lambu na zauna da ita. Ban san abin koyarwa ba ne. Tsuntsu yana da suna, sai in nuna in faɗa. Wannan kuwa kamar shan ruwa yake a wurinmu, ban taɓa ganin wanda aka zaunar aka koya wa ba. Na ɗauka yana shiga jiki da kansa. Na manta mun sa ki lakwal, inda ba abin da ke zama gaskiya sai an faɗe shi da baki ko an rubuta a allo. Ni da ke muka shaƙu don jika abokiyar wasa ce, al'ada ta sake mini baki a kanki. Ita kuma al'adar nan ɗaya ta ɗaure mata nata. Sai littafi ya zo ya biya mai surutu ladan mai shiru. Na gaya wa Mushe Habibu haka. Ya ce yawancin irin littattafan haka suke, ginshiƙi ake gani, ba a ganin ramin da aka kafa shi. Ban ji sanyi da maganarsa ba.

Ga halin da ake ciki. Uwarki ta daina fita suna da biki. Rashida ke zuwa famfo. Tsofaffi suna cewa ɗiya ta kai uwarta kasuwa, wannan tana iya ɗauka, don ita suke tayawa. Na yaran matan ne ya karya ta. Littafin ya iso ajin mata na karatun manya kamar yadda kika ce, suna karanta shi layi layi, suna kwafa a allo. Wata amaryar bana, sa'ar ɗiyar cikinta, ta tare ta a ƙofar gida da fuskar tausayi ta ce ai da ta ɗan rungume ki ko sau ɗaya. Uwarki ta ce to. Ta shigo ta zauna bakin rumbu har aka kira magariba ba ta kunna wuta ba.

Saƙonki na riƙe shi kwanaki, ban so in kai ba. Daga baya na ga ba ni da ikon ɓoye shi. Na ɗauki kwandon da nake gyara na zauna kusa da ƙofarta, na kira Rashida, na ɗaga murya na ce mata ta arewa ta rubuto, ta ce tana neman gafara, ta ce kuma abu kaza take so kafin ta zo. Rashida ta ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ce ta yi shiru. Daga cikin ɗaki sai ƙarar tsintsiya ke fitowa.

Jikata, ina roƙonki ki janye. Kin ɗauka ƙaramin abu kika nema. Abin da kika ce ta ajiye shi ne kaɗai abin da take da shi naki. Rashida tana da cinya da kitso, ke kina da wannan. Duk duniya mutum ɗaya ce uwarki ba ta iya faɗin sunanta. Ki zo haka nan, ba sharaɗi. Ki zo ki zauna kusa da ita ku yi shiru tare, za ki ji abin da nake faɗi.

Littafin yana cikin akwati. Ban wuce Safo ba. Masunta suna tsokanata wai ina mai lambun littafi, sai in yi kamar kunnen ne.

Kakanki, Yahaya


Agadas

Kakana, angona.

Assalamu alaikum. Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban yi irinta ba. Takardarka ta zo, ina cikin tunanin amsa sai ga kiran Rashida jiya. Ta ce Inna ta faɗi sunana. Ta ce da bakinta, a tsakar gida, gabanka, gaban Kawu Anas, ba tari ba kewaye. Ta ce har ɗaki ake share mini. Na sa ta maimaita mini yadda ta faɗe shi.

Ka gani, Kaka? Ka ji tsoro a banza. Dutsen da kuka ce ba ya motsi ya motsa. Ban yi barcin kirki ba don murna. An kusa ba da hutu, ina gama gyaran takardun jarrabawa zan hau bas zuwa Maraɗi. Na saya mata zane da turare, kai kuma cukun da ka sa rai ran nan. Ka shirya, amarya za ta dawo ɗakinta.

Taka, Ummulkhairi


Madarumfa, hadari ya fara haɗuwa

Zuwa ga Ummulkhairi.

Wa alaikumus salam. Jikinmu lafiya. Na san kin riga kin taso, don haka ba zan aika wannan Agadas ba. Anas zai tsaya da ita a tashar Maraɗi ya miƙa miki kina sauka. Ki karanta kafin ki hau motar Madarumfa.

Rashida ba ta yi miki ƙarya ba. Abin da ta ji ta faɗa, yarinya ce. Ga yadda aka yi.

Da hantsi ne, ina gindin dogon yaro, Anas yana ɗaure buhunan albasa. Uwarki ta fito da lulluɓinta na fita unguwa, ta zo ta tsaya gabana. Ba ta taɓa tsayawa gabana haka ba. Ta dube ni cikin ido ta ce:

"Baba, ka rubuta wa Madam Ummulkhairi ta zo. Zan gaishe ta da sunanta, in tambaye ta hanya, in zauna in yi hira da ita, kamar yadda nake yi wa ɗiyan mutane."

Rashida ta yi guɗa ta ruga neman salula. Anas ya saki igiyar da ke hannunsa ya fita daga gidan, bai dawo ba sai dare. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shiga. Na ga ranar da aka haife ki. Na ga yarinyar da ta juya fuska bango don kada a ga tana kallonki, kakarki tana yi mata dariya. Alkunyar da ta ɗauka ranar nan ita ta zo ta ajiye gabana.

Tun daga ranar sunanki yake yawo a gidan nan kamar na kowa. Ummulkhairi za ta zo, a wanke wa Ummulkhairi buta. Ta share ɗakin baƙi na kusa da zaure, ba nata ba. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta fiddo kwanonin da ake fiddo wa baƙin Katsina. Ta koma fita unguwa. Jiya Ramatu ta tambaye ta labarinki, ta amsa da fara'a, dalla dalla, har da aikin da kike yi. Ramatu ta shigo wurina tana share ido ta ce mini, Malam, yarinyar nan ta sauke.

Ban san ko akwai gyara ba. Na tambayi kaina, na tambayi Mushe Habibu, ya ce littattafan da ya sani a nan suke ƙarewa, ba su faɗin abin da ke biyo baya. Amma kin ce ban koya miki ba lokacin da ya kamata. To ga shi, ko da ya zo a makare irin karatuna.

In kin shigo za ta taryo ki har zaure. Za ta yi murmushi, za ta ce sannu da zuwa, za ta faɗi abin da kika yi shekaru kina jira. Zai yi miki daɗi a kunne, na sani. Kada ki amsa. Ki sunkuyar da kai ki wuce ta kamar ba da ke take ba. Kada ki shiga ɗakin baƙi, kada ki ci a kwanonin nan. Zanen da turaren ki ba Rashida ta ajiye mata, kada ki miƙa da hannunki. Ki tuɓe takalmi ki tafi bakin rumbu, akwai gero a turmi kullum, ki ɗauki taɓarya. Za ta sake kira. Mutane za su ce ba ki da ladabi, ki bar su.

In ta gaji ta daina, ta juya ta ce wa Rashida a gaya wa waccan ta bar dakan haka kada hannunta ya fashe, to kin sami uwarki. In kuma ta ci gaba da kiran sunan har kika koma, ban da sauran dabara, ni da karatuna mun ƙare.

Zan zauna gindin dogon yaro. Kunnena ba zai jiyo ba, sai dai in duba fuskarki.

Kakanki, Yahaya